Muna son fara dafa wa masu kwana a titi abinci a cibiyarmu, ta ina za mu faro?

Bakatsine a Ingila ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina zaune a wani gari da ke arewacin Ingila shekara tara ke nan, kuma ina cikin kwamitin da ke kula da wata 'yar cibiyar al'umma da ke jikin masallacinmu. Cibiyar ba babba ba ce, domin zaure ɗaya ne mai ɗaukar mutum kamar sittin, sai ɗakin girki da banɗaki biyu. A nan muke buɗa-baki da azumi, a nan ake suna da walima, ranar Asabar da Lahadi kuma yara su yi karatun Islamiyya. Sauran ranakun mako a kulle take.

A watan Disamban da ya wuce na fito daga sallar asuba na tarar da wani mutum kwance a bakin shagon da ke kallon masallaci, ya shimfiɗa kwalaye ya shige cikin jakar barci, raɓa ta daskare a kan jakar har ta yi fari. Na je na sayo masa shayi, amma da na miƙa masa sai yatsunsa suka kasa riƙe kofin, sai da na riƙe masa ya kurɓa sau uku kafin ya iya karɓa da kansa. Ya ce mini rabonsa da abinci mai zafi kwana uku ke nan. A daidai lokacin da yake wannan magana, a bayana akwai zauren da ke da na'urar ɗumama ɗaki da manyan tukwane huɗu, kuma makullinsa yana cikin aljihuna. Tun daga ranar abin bai bar raina ba.

Na kai maganar gaban kwamiti cewa mu riƙa dafa abinci muna ciyar da irin waɗannan bayin Allah, kuma ba a ƙi ba, sai dai an yi mini tambayoyin da na kasa amsawa. Wasu suna tsoron kada hukuma ta kama mu da laifin raba abinci ba da izini ba. Wasu suna cewa yawancin masu kwana a titi mashaya ne, za su zo su ɓata mana harabar masallaci su tsorata mata da yara. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce a garuruwanmu na gida akwai waɗanda suka fi su buƙata, kuma ƙasar nan tana da gwamnatin da ke ba talakawanta kuɗi, saboda haka gara mu tara abin da muke da shi mu aika gida. Ma'ajinmu kuma ya tambaya ko ya halatta a taɓa kuɗin zakka a wannan aiki, tunda mafi yawan waɗanda za su ci ba Musulmi ba ne.

Ina roƙon duk wanda ya taɓa yin irin wannan aiki, a nan ko a wata ƙasa, ya ba mu haske. Shin mu zaunar da mutane su ci a zaure ne, ko mu zuba a robobi mu bi su inda suke kwana? Kuma mene ne abin da sababbin shiga suka fi yin kuskure a kansa?

Maman Tagwaye ta amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Na shekara bakwai ina aikin sa-kai a wani zauren coci da ke unguwarmu a tsakiyar Ingila, inda ake dafa abincin dare duk ranar Talata, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Maganar hukuma ita ce mafi sauƙi a cikin tambayoyinka. Babu wanda zai kama ku don kun ciyar da mayunwaci, amma idan za ku riƙa yi a kai a kai, sai ku yi rajistar ɗakin girkinku a ƙaramar hukumar garinku aƙalla kwana 28 kafin ranar farawa. Rajistar kyauta ce, a intanet ake cike takardar. Daga baya jami'in tsafta zai zo ya duba wurin ya ba ku maki daga 0 zuwa 5. Ku tabbata mutum biyu ko uku daga cikin masu girki sun yi ɗan kwas ɗin tsaftar abinci, wanda ba ya wuce yini ɗaya, sannan ku tambayi kamfanin inshorar ginin ko yarjejeniyarku ta haɗa da ciyar da mutanen waje.

Akwai abu biyu da mu Hausawa muke sakaci da su a girkin taro, kuma a nan suna iya jawo babbar matsala. Na farko shinkafa. A gida mun saba a dafa ta da rana a bar ta cikin kula har dare, wani lokaci ma a ɗumama ta da safe. Shinkafar da ta daɗe tana huce a hankali tana haifar da ƙwayar cutar da ɗumame ba ya kashe dafinta, kuma mutumin da ke kwana a titi, wanda ba shi da banɗaki kusa balle magani, gudawa a gare shi ba ƙaramin bala'i ba ne. Ƙa'idar a nan ita ce abincin da ake rabawa da zafi kada ya sauka ƙasa da digiri 63, don haka ku sayi ma'aunin zafi na abinci, ba shi da tsada. Na biyu gyaɗa. Doka ta lissafa abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa, daga ciki akwai gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai da kifi da alkama, kuma dole ku iya faɗa wa mai ci abin da ke cikin farantinsa. Wata rana wata 'yar'uwarmu ta kawo yajin tsire don a barbaɗa a kan kaza, ta manta cewa da ƙuli-ƙuli ake daka shi, sai da muka sauke tiren gaba ɗaya. Ku rubuta abin da ke cikin kowace tukunya a allo, ku kafe a bakin ƙofa. Barkono kuma ku rage shi sosai, ku ajiye a gefe ga mai so, domin da yawansu cikinsu ya lalace, wasu kuma haƙoransu ba sa iya tauna nama mai tauri.

Amma kuskuren da ya fi kowanne girma ba a tukunya yake ba. Shi ne a fara da zafi a ƙare da sanyi. Na ga ƙungiyar da ta buɗe da kwana uku a mako, da hotuna a Facebook da jawabin shugabanni, kafin wata huɗu masu girki sun gaji, rannan a buɗe, rannan a rufe ba sanarwa. Wanda ya taka ƙafa mil biyu cikin ruwan sama ya iske ƙofa a kulle ba zai sake dawowa ba, kuma zai gaya wa sauran. Ku ɗauki rana ɗaya tak a mako, da sa'a ɗaya sananniya, ku riƙe ta ko da ranar salla ce, ko da mutum huɗu ne suka zo. Kafin ku zaɓi ranar, ku zagaya ku ji wace rana coci-coci da wurin ibadar mabiya addinin Sikh na garinku suke dafawa, domin sau da yawa za ka ga wuri uku suna ba da abinci ranar Juma'a alhali ranar Litinin babu kowa. 'Yan Sikh sun daɗe a wannan fage, tun zamanin Guru Nanak, wanda ya kafa addininsu, suke da al'adar langar, wato ciyar da duk wanda ya shigo ba tare da tambayar addininsa ba, kuma ba su da rowar koya wa mutum yadda ake girkin mutum ɗari.

Ni ra'ayina ku zaunar da mutane. Robar abinci a titi tana kashe yunwar dare ɗaya, amma a kan tebur ne ake sanin sunan mutum da abin da ya fitar da shi daga gida. A can ne za ka gano cewa wannan aurensa ne ya mutu, wancan mai gidan haya ne ya tashe shi, wannan daga kurkuku ya fito bai da inda za shi, wancan kuma ɗan gudun hijira ne da aka ba shi takardar zama sannan aka ce ya bar masaukin gwamnati cikin 'yan makonni. Da yawansu ba su san haƙƙinsu ba. Dokar rage rashin matsuguni ta 2017, wadda ta fara aiki a Afrilun 2018, ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta taimaki wanda ya cancanta idan yana fuskantar rasa gida cikin kwana 56, ta kuma yi wasu kwana 56 tana ƙoƙarin samar masa wuri idan ya riga ya rasa. Mutum yana iya rajista da likitan unguwa ko ba shi da adireshi ko katin shaida. Akwai StreetLink, inda kowa zai iya ba da rahoton wurin da wani yake kwana don ma'aikata su je su same shi. Idan sanyi ya kai sifili, ƙananan hukumomi suna buɗe wuraren kwana na gaggawa. Duk wannan ba ya amfanar wanda ba a gaya masa ba. Mu abin da muka yi shi ne mun roƙi wata ma'aikaciyar gidaje ta riƙa zuwa sau biyu a wata tana zama a teburin ƙarshe da kwamfutarta, ta ci abinci tare da kowa. Mutanen da suka shekara suna gudun ofis sun zauna da ita a nan.

Ku tanadi safa sababbi da wurin cajin waya. Za ku sha mamakin yadda ake neman waɗannan biyun fiye da nama.

Ɗan Damagaram a Liyon ya amsa:

Gaisuwa ga kowa. Hajiya Maman Tagwaye ta yi magana mai nauyi, kuma na yarda da kusan duk abin da ta faɗa, sai dai ina da ja a kan batun zaunarwa. Ni a Faransa nake, kuma ina fita zagayen dare tare da 'yan sa-kai, da mota da manyan filas na romo da kofi. Abin da wannan zagaye ya koya mini shi ne waɗanda suka fi galabaita su ne ba sa zuwa zaure. Akwai mai taɓin hankali da ba ya jure taron jama'a, akwai mace da ke tsoron haɗuwa da wanda ya taɓa cin zarafinta, akwai mai kare da ba zai bar karensa a waje ba, akwai kuma wanda in ya tashi daga wurin kwanansa wani zai gaje shi ko a kwashe masa kaya. Idan kuka tsaya a zaure kaɗai, za ku ciyar da masu sauran ƙarfi ne. Shawarata ita ce ku fara da zaure kamar yadda ta ce, amma idan an gama rabo a zuba abin da ya rage, mutum biyu su fita da shi tun yana da zafi. Kada mutum ɗaya ya fita shi kaɗai, kuma kada a tashi mai barci don a ba shi abinci, domin barci a titi ya fi abinci wuyar samu.

Ina so kuma in ba ku labarin Restos du Cœur, wata ƙungiyar ciyar da mabuƙata a nan Faransa, saboda akwai darasi a ciki ga mai farawa. Ɗan wasan barkwanci Coluche ne ya kafa ta a 1985, da tunanin cewa taimako ne na hunturu ɗaya ko biyu kafin abubuwa su daidaita. A hunturun farko an raba abinci miliyan takwas da rabi. Shi ya rasu a hatsarin babur a 1986, amma aikin bai tsaya ba, har ya kai a 'yan shekarun nan ana raba fiye da miliyan 160 a shekara. Wasu suna ambaton wannan adadi da alfahari, ni kuwa in na ji shi gabana faɗuwa yake yi, domin layin da aka buɗe don a rufe shi ya shekara arba'in yana ƙara tsawo. Su kansu masu ƙungiyar sun gane haka, shi ya sa suka ƙara da neman wa mutane aiki da masauki da koyar da harshe.

Finlan ce ta bi wata hanya dabam. Tun 2008 gwamnatinta ta ɗauki tsarin ba mutum gida da farko, da takardar haya da sunansa, ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ko ya sami aiki ba, sannan a bi shi da magani da kulawa yana cikin ɗakinsa. An mayar da manyan gidajen kwana na Helsinki zuwa ƙananan gidajen haya, kuma yawan marasa matsuguni ya yi ta raguwa shekara da shekaru a lokacin da yake hauhawa a sauran ƙasashen Turai. Cibiyarku ba ta da ikon gina gidaje, na sani, amma kuna da ƙuri'a, kuna da kansila da ɗan majalisa, kuma a cikin masu sallah a bayan limaminku tabbas akwai masu gidajen haya. Idan mutum ɗaya daga cikinsu ya yarda ya karɓi ɗan haya ɗaya ta hannun ƙaramar hukuma, ya yi abin da tukunya ɗari ba za ta yi ba.

Wani abin da zai rage muku kashe kuɗi shi ne rarar manyan kantuna. Mu a nan tun 2016 doka ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai ɓaci ba, ta tilasta musu su ba ƙungiyoyin agaji. A wajenku akwai FareShare da ke tattara irin wannan rara tana raba wa cibiyoyi, sai ku nemi shiga cikin jerinsu.

Almajirin Malam ya amsa:

Ɗan'uwa Bakatsine, a kan tambayar ma'ajinku, abin da akasarin malamai suka tafi a kai shi ne zakkar farilla ana ba da ita ga matalautan Musulmi da sauran sassan da aka ambata, amma sadakar ganin dama ƙofarta a buɗe take ga kowane ɗan Adam. Saboda haka mafita mai sauƙi ita ce ku buɗe asusu dabam na ciyarwa, ku sanar da jama'a abin da za a yi da kuɗin, ku bar asusun zakka inda yake. Wannan zai kwantar da hankalin ma'aji, kuma zai sauƙaƙa muku lissafi a gaban hukumar da ke sa ido a kan ƙungiyoyin agaji. Ku zauna da limaminku ya tabbatar muku.

Dattijon da ya ce a aika gida bai faɗi ƙarya ba, akwai buƙata a gida, kuma babu mai cewa a daina aikawa. Sai dai haƙƙin maƙwabci bai faɗi don maƙwabcin Bature ne ba, kuma wanda yake kwana a bakin shagon da ke kallon ƙofarku ya fi kowa cancantar wannan suna. A masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai rumfar da marasa gida suke kwana, su ne ake kira Ahlus Suffa, kuma daga gidajen sahabbai ake ciyar da su. Iyayenmu ma da suka kafa zango-zango a Kumasi da Accra da wannan suka kafa su, baƙo ya sauka a zauren maigida a kawo masa akushi kafin a tambaye shi daga ina ya fito.

Roƙona ɗaya ne, kada ku mayar da abincin tarkon wa'azi. Kada a ce sai mutum ya saurari nasiha kafin a zuba masa, kuma kada a ɗauki hoton fuskarsa yana karɓa. Wanda ya yi tambaya game da addini a amsa masa da kyau, wanda bai yi ba a bar shi ya ci ya tafi.

Ta Gadarif ta amsa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni Bahaushiyar Sudan ce, kuma duk da cewa halin da muke ciki ya sha bamban da na Ingila, na ga ya dace in sa baki, domin tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 miliyoyin mutanenmu suka zama marasa matsuguni a dare ɗaya. Malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan banki sun koma kwana a azuzuwa. Abin da ya riƙe rayuka da yawa shi ne takaya, wato ɗakunan girkin unguwa, waɗanda matasa 'yan sa-kai suke gudanarwa. Sunan ya samo asali ne daga wuraren da shehunan ɗariƙa suke ciyar da matafiya da almajirai, ruhin aikin kuma shi ne abin da ake kira nafir a nan, wanda ba shi da bambanci da gayya a wajenmu. Ana ɗora babbar tukunya ta adas ko ful ko balila, wato dafaffen abinci dangin wake da hatsi, a kan itace, kowane gida ya aiko da kwano ko bokiti, a zuba gwargwadon yawan mutanen gidan.

Darasi biyu nake so in ba ku. Na farko, kada ku dogara da hannu ɗaya. A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, ɗaruruwan takaya sun kashe wuta cikin 'yan makonni, mutane suka zo da kwanoninsu suka koma da su wayam. Waɗanda suka ci gaba su ne masu samun ɗan abu kaɗan-kaɗan daga mutane da yawa, musamman 'yan unguwar da ke ƙasashen waje suna turowa ta waya. Idan wani attajiri ya ce zai ɗauki nauyin komai, ku gode masa ku karɓa, amma kada ku daina karɓar fam biyar-biyar daga sauran jama'a.

Na biyu, ku bar masu ci su sa hannu a aikin. A ɗakin girkin takaya da nake taimakawa, matan da suka gudo daga Khartum da Wad Madani su ne masu tsince adas da yanka albasa da wanke tukwane. Akwai wata dattijuwa da ta yi kwanaki tana aiko jikarta da kwano saboda kunyar tsayawa a layi. Ranar da aka ce mata ana neman wadda ta iya gyara miya, ta zo da kanta ta karɓi muciya, tun daga nan ba ta sake fashi ba, kuma tana ɗaukar rabonta a gaban kowa ba tare da sunkuyar da kai ba. A cikin waɗanda za su zo muku akwai tsofaffin masu dafa abinci a otal da kafintoci da direbobi. Ku tambaye su abin da suka iya.

Maman Tagwaye ta sake amsawa:

Na karɓi gyaran ɗan'uwanmu na Liyon, gaskiya ne akwai waɗanda sai an je musu. Na dawo ne saboda na tsallake maganar mashaya, alhali ita ce za ta fi tayar da ƙura a kwamitinku, kuma bai kamata a yi muku ƙarya a kanta ba. Za a zo muku a buge. Wani ya fara sha ne kafin ya rasa gida, wani kuma titin ne ya koya masa don ya iya barci cikin sanyi. A shekara bakwai na ga faɗa ya kaure sau uku, sau ɗaya sai da muka kira 'yan sanda. Dokarmu gajeriya ce kuma a rubuce take a ƙofa: ba a shiga da kwalba ko ƙwaya, ba zagi, ba duka. Wanda ya zo ba ya cikin hayyacinsa ba a korarsa da yunwa, ana zuba masa ya ci a waje, a ce ya dawo mako mai zuwa. Mutum biyu masu sanyin rai su tsaya a ƙofa, ba masu ƙarfi ba, domin murya mai taushi ta fi ƙirji kashe rigima. Kada ku haɗa ranar ciyarwa da ranar karatun yara, kada ɗan sa-kai ya ba da kuɗi ko lambar wayarsa ko ya kai wani gidansa, kuma a sami mata a cikin masu tarba saboda matan da za su zo.

Ga masu ganin cewa gwamnati ta wadatar da kowa, ƙidayar dare ɗaya da aka yi a Ingila a kakar 2024 ta sami mutum 4,667 suna kwana a waje, ban da masu raɓewa a kujerun abokai da masu zama a masaukin wucin gadi. Alƙaluman hukumar ƙididdiga na 2021 sun nuna cewa marasa matsugunin da suka mutu a Ingila da Wales, matsakaicin shekarunsu 45 ne ga maza, 43 ga mata. Akwai kuma baƙin da takardarsu ta hana su cin tallafin gwamnati kwata-kwata, kuma a cikinsu na haɗu da 'yan Afirka ta Yamma, har da wani yaro mai jin Hausa da ya ɓoye wa iyayensa halin da yake ciki wata takwas, yana aika musu hoton da ya ɗauka a gaban kantin sayar da tufafi.

Bakatsine a Ingila ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa kwamiti amsoshinku jiya bayan sallar isha'i. Mun bincika mun gano cewa a garinmu babu mai dafawa ranar Laraba, saboda haka mun tsayar da Laraba daga ƙarfe shida zuwa bakwai da rabi na yamma, kuma mun yi alkawarin wata shida ba fashi kafin mu sake duba lamarin. Ma'aji ya yarda a buɗe asusu dabam. Mata uku da namiji ɗaya za su yi kwas ɗin tsafta a makon nan, ni kuma an ɗora mini cike takardar rajista da zuwa wurin 'yan Sikh in ga yadda suke tsara rabo. Dattijon da ya so a aika gida bai sauya ra'ayinsa gaba ɗaya ba, amma ya ce buhun shinkafar farko a kansa yake, da sharaɗin kada a rage abin da ake aikawa gida da azumi, kuma mun amince.

Saura abu ɗaya da ya rage mini. Mutumin da na ba shayi ya bar bakin shagon tun makon jiya, an kwashe kwalayensa, mai shagon kuma ya ce bai san inda ya koma ba. Sunansa na farko kaɗai na sani. Hajiya Maman Tagwaye, idan na ba da wannan suna da kamanninsa ga ma'aikatan da ke zagayen dare, za su yarda su isar masa da saƙo cewa akwai abinci ranar Laraba, ko kuwa dokar sirri ta hana su?